Tashin ST Bayan Mura da Zazzaɓi: Kumburin Jakar Zuciya ne ko Toshewar Jijiya?

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya: "An kawo mana saurayi ɗan shekara 24. Kwana goma da suka wuce ya yi mura da zazzaɓi da ciwon jiki, ya warware. Jiya ciwon ƙirji ya taso masa, yana sukarsa idan ya ja numfashi ko ya kwanta rigingine, yana lafawa idan ya tashi zaune. Mun yi masa ECG, na'urar ta rubuta a saman takarda cewa jijiyar zuciya ce ta toshe. Me zan duba a takardar kafin in yarda da ita?"

Malam, yadda ka kawo labarin nan ya fi kama da kumburin jakar zuciya, irin wanda ƙwayar bairos ke haddasawa. Amma kada ƙuruciyar yaron ta sa ka saki jiki, kada kuma rubutun na'ura ya firgita ka. Kwamfutar da ke cikin na'urar ECG, mai zana lantarkin bugun zuciya a takarda, ta ga wani sashe na zanen da ake kira layin ST ya tashi ne kawai, sai ta buga ƙararrawa. Ba ta ji labarin mura ba, ba ta ga yadda yake zaune a duƙe ba. Karatun takardar yana wuyanka.

Sai ka san daga ina canjin ke fitowa kafin ka gane shi. Zuciya tana zaune ne cikin jaka mai ruɓi biyu, tsakaninsu da ɗan ruwa da bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba. Ita jakar ba ta da lantarki, don haka ba ta rubuta komai a takardar ECG. Abin da ke rubutawa shi ne fatar tsokar zuciya da ke manne da ruɓin ciki, wadda kumburin ke lasa. Da yake jakar ta naɗe zuciya gaba da baya da ƙasa, canjin kan bayyana kusan ko'ina, kamar hazon hunturu da ya rufe gari baki ɗaya. Ita kuwa jijiyar jini, kowace tana da unguwar da take shayarwa. Idan ta toshe, unguwarta ce ke shiga duhu, sauran gari na nan lafiya. Duk bayanin da ke tafe a kan wannan bambanci ya tsaya.

Ƙwayoyin da aka fi kamawa da laifin su ne Koksaki ta rukunin B, da ekobairos, da adenobairos, da farbobairos B19, da bairos ɗin mura mai zafi, da korona. Galibi ba a wahalar da kai wajen gano wacce ce, domin sanin sunanta ba ya sauya magani. Ciwon ƙirjin kan zo ne mako ɗaya zuwa uku bayan mura ko gudawa, lokacin da mutum ya ɗauka ya gama da ciwo.

Fara da ingancin takardar kanta. Duba cewa gudunta milimita 25 ne a daƙiƙa, wato ƙaramin gida ɗaya daƙiƙa 0.04, babban gida 0.2, kuma alamar awo da ke farkon layi ta kai tsayin milimita 10. Idan wani ya rage ta zuwa rabi, komai zai fito ƙarami, ka yi zaton ruwa ya taru a jakar zuciya alhali babu. Wayoyi goma ake mannawa, su ba da mahanga goma sha biyu, wato kusurwoyin da ake kallon zuciya ta cikinsu: I, II, III, aVR, aVL, aVF, da V1 zuwa V6. Na ƙirji su ne aka fi kuskurewa: V1 a rami na huɗu tsakanin haƙarƙari, dama da ƙashin ƙirji, V2 a rami na huɗu ta hagu, V4 a rami na biyar, a kan layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin wuya, V3 tsakanin V2 da V4, V5 da V6 a jere da V4, ɗaya a gaban hammata, ɗaya a tsakiyarta. Mutane da yawa suna ɗora V1 da V2 a rami na biyu don gaggawa, sai takarda ta fito da siffar da ba ta mai ita ba. Idan ka ga tudun P da tsinin QRS da tudun T, wato sassa uku na zanen kowane bugu a jere, duk sun kifa ƙasa a mahangar I, aVR kuma ta miƙe sama, wayoyin hannu biyu aka musanya. Mai rawar sanyi saboda zazzaɓi sai a lulluɓe shi ya natsu tukuna, kuma a nisanta wayoyin daga janareta da cajar waya, don tartsatsin wuta yana kauraro layi har a kasa ganin abin da bai kai milimita ɗaya ba, alhali a nan aikin yake.

To, ga abin da za ka gani idan kumburin jaka ne a kwanakinsa na farko. Layin ST, wato ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen QRS da farkon tudun T, zai tashi a mahangai da yawa waɗanda jijiya ɗaya ba ta haɗa su: I, II, aVF, aVL, da V2 har zuwa V6. Ya fi fitowa sosai a II da V5 da V6. Tashin ba mai yawa ba ne, milimita ɗaya zuwa uku, da wuya ya haura biyar. Siffarsa kamar ƙwarya ce a ɗage, cikinta na kallon sama. Tudun T yana nan a tsaye, bai kifa ba. Babu sabon ramin Q a farkon QRS, tsayin R, wato tsininsa na sama, bai ragu ba, QRS bai yi faɗi ba. Sau da yawa bugun na sauri ne, sama da 100 a minti, amma a kan tsari, kowane QRS da P ɗinsa a gaba.

Alama ta biyu ita ce faɗuwar layin PR, ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen tudun P da farkon QRS. Dalilinta shi ne ɗakunan sama na zuciya bangonsu siriri ne, kumburin jaka na saurin shafar su. Faɗuwar ƙarama ce, rabin milimita zuwa ɗaya, an fi ganinta a II da aVF da V4 zuwa V6. A nan ne masu koyo ke tuntuɓe. An saba ɗaukar layin PR a matsayin layin tushe da ake auna ST da shi. Idan PR ɗin da kansa ya faɗi, sai ST ya yi kamar ya tashi fiye da gaskiyarsa. Ka ɗauki layin TP, wanda ke tsakanin ƙarshen T da farkon P na gaba, ka ɗora gefen wata takarda a kansa ka ja ta cikin bugun, nan take za ka ga PR a ƙasa, ST a sama. Matsala ɗaya ita ce idan zuciya na gudu ƙwarai, layin TP kan ɓace, T ya hau kan P. A rage zazzaɓi da raɗaɗi, a sake awo.

Mahangar aVR, wadda yawancin mutane ke tsallakewa, ita ce shaidar da ta fi sauƙin karantawa. Tana leƙen zuciya ne daga kafaɗar dama, don haka komai a juye take ganinsa: a can PR zai tashi, ST ya faɗi. Wani lokaci V1 ma kan nuna faɗuwar ST. Akwai kuma gangarowar layin TP, inda maimakon ya kwanta daidai sai ya riƙa zamewa ƙasa daga T zuwa P. Ana kiran wannan alamar Spodick, da sunan likitan zuciya ɗan Amurka David Spodick, wanda ya tsara matakan canjin ECG na wannan ciwo a shekarun 1970. Tana taimakawa idan an gan ta, amma ba a kowa take fitowa ba, kuma akan same ta jefi-jefi a masu toshewar jijiya, don haka ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi daɗewa. Kafin ka ce kumburin jaka ne, ka bi takardar mahanga bayan mahanga kana neman abin da zai ƙaryata ka, wato faɗuwar ST a wani wuri ban da aVR da V1. Toshewar jijiya tana da madubi. Idan bangon ƙasa ya ji rauni, ST ya tashi a II da III da aVF, to mahangar da ke kallonsa daga ɗaya ɓangaren, aVL, za ta nuna faɗuwa. Idan bangon gaba ne, sau da yawa III da aVF kan faɗi. Kumburin jaka ba shi da wannan madubi, domin kowane ɓangare ya kumbura, babu lafiyayyen gefe da zai yi masa kishiya. Ko rabin milimita ka gani ST ya faɗi a aVL, ko T ya kifa a can tare da tashin ST a mahangan ƙasa, ka ɗauke shi a matsayin toshewa har sai an tabbatar da akasin haka.

Gwada II da III. A kumburin jaka tashin ST ya fi yawa a II. Idan III ta fi II, wannan alamar jijiyar dama ce da ta toshe. Sannan ka dubi siffa: ST da ya yi doro kamar ƙwarya a kife, ko ya miƙe sak kamar tebur, na toshewa ne. Sai dai kada ka juya maganar. Siffar ƙwarya a ɗage ba ta wanke kowa, domin toshewa da yawa da haka take farawa a awanninta na farko. Haka faɗuwar PR: idan toshewar ta shafi ɗakin sama, ita ma tana kawo ta. Faɗuwar ST a V1 zuwa V3 tare da dogon R kuwa tana nufin bangon baya, sai a matsar da wayoyi uku zuwa bayan ƙirji ta hagu a ɗauki V7 da V8 da V9.

Akwai tarko guda da ya kamata ka sani. A wasu mutane jijiyar da ke shayar da gaban zuciya doguwa ce, tana zagaya ƙarshen zuciya ta shayar da ƙasanta ma. Idan irin wannan ta toshe, ST kan tashi a gaba da ƙasa lokaci guda, madubin ya ɓace, takarda ta yi kama da ta kumburin jaka. Shi ya sa takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Muddin ciwon bai lafa ba, a maimaita awo kowane minti 15 zuwa 30 a awanni biyun farko, a rubuta lokaci a kan kowace takarda, a jera su a kan tebur. Toshewa ba ta zama wuri ɗaya: cikin awanni ST zai ƙara tashi ko ya sauya siffa, R ya gajarce, ramin Q ya ɓullo, T ya fara kifawa tun ST bai sauko ba. Kumburin jaka kuwa tafiyar hawainiya yake yi, takardar safe da ta azahar kusan ɗaya ce.

Kuskure a nan ta kowane ɓangare yana da tsada. Idan aka yi wa mai kumburin jaka allurar narkar da gudan jini, irin su sitireptokines, jini na iya tsiyaya cikin jakar da ta kumbura ya matse zuciya. Idan kuma aka sallami mai toshewa da ibuprofen, tsokar zuciyarsa na mutuwa a gida. Ka tambayi yaron game da sigari, da hodar iblis, da ƙwayoyin ƙara kuzari, da ciwon suga, da ko wani a gidansu ya yi ciwon zuciya yana matashi. Ka kuma tambayi inda ciwon ke harbawa. Na jaka kan haura zuwa tudun kafaɗa kusa da wuya, saboda jijiyar laka da ke bi ta gefen jakar ita ce ke da alaƙa da wannan wuri. Na toshewa nauyi ne da matsi, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi, kuma bai damu da yadda mutum ya kwanta ba.

Abu na uku da ke rikita wannan karatu ba ciwo ba ne ma. Samari da yawa masu ƙoshin lafiya, musamman baƙar fata da 'yan wasan motsa jiki, haka aka halicce su da ST a ɗage a V2 zuwa V5. Don haka ne ma'aunin toshewa a V2 da V3 ga namiji ɗan ƙasa da shekara 40 ya kai milimita 2.5, alhali a sauran mahangai milimita ɗaya ne. Saurayi irin wannan idan ya yi mura, tari ya sa masa ciwon haƙarƙari, aka yi masa ECG, sai a laƙaba masa ciwon da ba shi da shi. Ana rarrabewa da abubuwa kaɗan. A na halitta tudun T dogo ne ƙwarai, akwai ɗan ƙugiya a ƙarshen QRS, an fi ganinta a V4, PR bai faɗi ba, kuma tashin kan ragu idan zuciya ta yi sauri. Ga wani ɗan lissafi mai amfani: a V6, auna tsayin ST a daidai inda QRS ya ƙare, ka raba da tsayin tudun T. Idan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, wato 0.25, ya karkata ga kumburin jaka. Idan bai kai ba, ya karkata ga halitta. Misali ST milimita 1.5 da T milimita 4 ya ba da kusan 0.38. ST milimita 1 da T milimita 8 kuwa bai wuce 0.13 ba. Idan akwai tsohuwar takardar mutumin, ta fi duk wannan lissafi.

Matakai huɗu na Spodick suna da amfani don kada abin da zai biyo baya ya ba ka tsoro. Na farko shi ne wanda aka bayyana, yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci har mako biyu. A na biyu ST da PR su koma layin tushe, T ya baje, har takardar ta yi kamar lafiya lau. A na uku T ya kifa ƙasa a mahangai da yawa, galibi daga mako na biyu ko na uku, ya yi makonni a haka. A na huɗu komai ya koma daidai, ko da yake a wasu T kan zauna a kife na watanni. Ka lura da jerin: a nan sai ST ya sauka sannan T ke kifawa. Ba kowa ke bin matakan nan a jere ba, balle wanda aka fara wa magani da wuri. Kuma kusan kashi 60 cikin ɗari ne na masu ciwon ke nuna canjin da aka sani a takarda. Shi ya sa ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta 2015 ta ce a tabbatar da ciwon da biyu daga cikin huɗu: irin wannan ciwon ƙirji, ƙarar gogayya a abin sauraren ƙirji, canjin ECG, da sabon ruwa a jaka. Ƙarar gogayyar kamar taku ne a kan busasshen yashi. Ana jin ta a gefen hagu na ƙasan ƙashin ƙirji, mara lafiya na zaune a duƙe, ya fitar da numfashi ya riƙe. Tana zuwa tana ɓacewa, kuma kamar mutum ɗaya cikin uku ake ji wa, don haka a saurara fiye da sau ɗaya.

Bairos ɗin da ya kumbura jaka yana iya nutsawa cikin tsokar zuciya, kuma wannan ne ke mayar da ciwo mai sauƙi ya zama mai haɗari. Alamunsa a takarda su ne QRS da ya yi faɗi har gida uku ƙanana ko fiye, wato daƙiƙa 0.12, tazarar PR, daga farkon P zuwa farkon QRS, da ta haura babban gida ɗaya, ko P da ke zuwa babu QRS a bayansa, bugu mai faɗi da ke faɗowa ba kan lokaci ba, musamman idan suna zuwa biyu-biyu ko uku-uku, da saurin bugu da ya wuce abin da zazzaɓi zai iya jawowa, ko ya ƙi sauka bayan jiki ya huce. Tsantsar kumburin jaka ba ya cika hargitsa tsarin bugu. Idan ka ga hargitsi, tsoka ta shiga ciki. Gwajin jini na toroponin, sinadarin da tsokar zuciya ke saki idan ta ji rauni, shi ke tabbatarwa, a ɗauka da zuwa, a maimaita bayan awa uku zuwa shida. Kumburin tsoka kan tsaya a yanki ɗaya wani lokaci, ya kwaikwayi toshewa sak, har da madubinta, har da tashin toroponin. Irin wannan ECG ba ta iya raba gardama, sai hoton jijiyoyin zuciya ko hoton MRI, wato sai an tura shi asibitin da ke da likitan zuciya. Haki idan ya kwanta, kumburin ƙafa, suma, ko jin zuciya na tsalle, kowanne ya isa dalilin turawa a ranar.

Haɗari na biyu shi ne ruwa. Idan ya taru da yawa a jaka, ya shiga tsakanin zuciya da wayoyi, QRS zai ƙanƙance: ƙasa da milimita 5 a duk mahangan hannu da ƙafa, ko ƙasa da 10 a duk na ƙirji. Idan ya yi yawa ƙwarai zuciya kan riƙa lilo a cikinsa, sai QRS ɗaya ya fito dogo, na bayansa gajere, haka bi da bi. Ƙananan QRS, da wannan lilo, da saurin bugu, idan suka haɗu, zuciya na gab da matsewa. Duba jijiyoyin wuya ko sun cika, auna hawan jini, ka lura ko lambar sama na faɗuwa fiye da 10 idan ya ja numfashi. Rashin waɗannan alamu a takarda bai kore ruwa ba. Hoton eko, wato sikanin zuciya, shi ne ke nuna shi, kuma duk wanda ake zargi da kumburin jaka ya kamata a yi masa, tare da hoton ƙirji da gwajin CRP, gwajin jini mai nuna kumburi a jiki.

ECG ba ta faɗin abin da ya kawo kumburin. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka suna cewa yawanci bairos ne, kuma gaskiya ne a can. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara tarin fuka ne kan gaba wajen tara ruwa a jakar zuciya, musamman ga masu cuta mai karya garkuwar jiki. Nasa salon daban ne: a hankali yake zuwa cikin makonni, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, takardarsa kuma ta fi nuna ƙananan QRS da T a baje ko a kife, ba kasafai ake ganin tashin ST mai kyau irin na littafi ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Na bairos da wuya ya bar jaka ta ƙandare, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari; na tarin fuka kuwa kan ƙandare ta a kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma maganinsa na wata shida ne. Don haka ka tambayi yaron tari da rama, a yi gwajin HIV da izininsa, a duba aikin ƙoda, domin lalacewar ƙoda ma na kumbura jaka, sau da yawa ba tare da ST ya motsa ba. A lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa kuma, ciwon bayan ƙashin ƙirji da ciwon maƙogwaro da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya abin kiyayewa ne, ga mara lafiya da kai mai taɓa shi.

Idan kuwa takarda ta fito lafiya sau biyu ko uku, toroponin bai tashi ba, eko babu ruwa, to bairos na iya kawo ciwon ƙirji ba tare da ya taɓa zuciya ba. Koksaki B ɗin nan tana kama tsokar da ke tsakanin haƙarƙari, ta kawo suka mai tsanani da ke zuwa tana tafiya, ciwon da ake kira da sunan tsibirin Bornholm na ƙasar Denmak. Ƙwayar ƙarambau da ta kwanta a jijiya ma kan farka ta kawo zogi a gefe ɗaya na ƙirji kwana biyu ko uku kafin ƙuraje su feso a jere. Amma kafin ka tsaya a kan waɗannan, ka kore ciwon huhu da gudan jini a jijiyar huhu, wanda sau da yawa saurin bugu kaɗai yake nunawa a takarda, wani lokaci da T a kife a V1 zuwa V4. Ga mai sikila, ciwon ƙirji da zazzaɓi maganar gaggawa ce ko ECG ta ce me.

Abubuwa biyu da zazzaɓi ke tonowa. Tashin ST mai doro na milimita 2 ko fiye a V1 da V2 kaɗai, yana gangarowa cikin T a kife, siffar Brugada ce, matsalar gado da zafin jiki ke fito da ita. A sauke zazzaɓin da farasitamol nan da nan, a tura shi. Sannan ka tambayi abin da ya sha a kyamis. Kulorokwin, da kwinin, da azitiromaisin, da eritiromaisin suna tsawaita QT, wato tazarar da ke tsakanin farkon QRS da ƙarshen T, balle ga wanda gudawa ta zubar wa sinadarin fotasiyam. QT da aka daidaita da saurin bugu idan ya haura daƙiƙa 0.5, a dakatar da maganin a sanar da likita.

Idan komai ya tsaya a kan kumburin jaka na bairos, maganin da likita zai rubuta sananne ne: ibuprofen miligiram 600 kowane awa takwas, ko asfirin 750 zuwa 1000 kowane awa takwas, na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa ragewa a hankali bayan ciwo ya tafi kuma CRP ya sauka, tare da maganin kare ciki irin omefrazol. A haɗa da kolcisin miligiram 0.5 sau biyu a rana ga mai nauyin kilo 70 ko fiye, sau ɗaya ga wanda bai kai ba, har wata uku. Ba tare da shi ba ciwon kan dawo wa kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, shi kuwa yana rage wannan da kusan rabi. Gudawa ce matsalarsa, kuma ana rage shi ko a bar shi ga mai ciwon ƙoda. Firednisolon da deksametason suna kashe ciwon cikin kwana ɗaya, abin da ya sa ake son su ke nan, amma suna ƙara yiwuwar dawowarsa, kuma idan tarin fuka ne a ɓoye sun ba shi fili. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da wanda tsokar zuciyarsa ta yi rauni, ba a ɗora musu ibuprofen haka kawai.

A kwantar da shi a asibiti idan zafin jiki ya haura digiri 38, ko ciwon ya zo a hankali cikin makonni, ko ruwan ya kai kaurin milimita 20 a eko, ko toroponin ya tashi, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko yana shan maganin tsinka jini, ko an yi mako guda ana magani babu sauƙi. Wanda ba shi da ko ɗaya zai iya jinya a gida, ya dawo bayan mako ɗaya. Ƙwallo da gudu da ɗaukar kaya masu nauyi sai ciwo ya tafi, CRP da ECG da eko sun daidaita. Idan tsoka ta shiga ciki, hutun wata uku zuwa shida ne, domin motsa jiki a kan tsoka mai kumburi na iya jawo hargitsin bugu da ke kashe matashi a filin wasa.

Ranar da ya dawo, ka sa rai za ka ga T a kife, mataki na uku ke nan, kada wanda bai ga takardar farko ba ya ɗauka sabon ciwo ne. Takardar ECG da zafi ake buga ta, tana dushewa cikin watanni a aljihu ko a ɗaki mai zafi. Ka ɗauki hoton kowace da waya, suna da rana da lokaci suna fitowa sosai, ka sa kwafi a fayil ɗinsa, ka ba shi ɗaya ya riƙe.